Kyautar Siminti a Soron Baba

Ni dai ban nemi a sa ni cikin kwamitin shirya taron nan ba. Ina zaune a ofis ina fama da zanen wata makarantar firamare aka miƙo mini takarda, wai Zuwaira Sammani, ke ce mai kula da zagayawa da baƙi. Taron ƙasa ne na injiniyoyin gini da masu zanen gine-gine irina, wanda ake yi shekara-shekara, bana kuma ya faɗo Katsina. Mutum wajen ɗari huɗu za su zo, daga Talata zuwa Juma'a. Aikina shi ne in cika shafi guda a littafin taro da abin da baƙo zai gani da abin da zai ci a garinmu, sannan ranar Alhamis bayan azahar in cika bas uku in zagaya da su.

To, na zauna na rubuta da zuciya ɗaya, don ina son garin nan, ba na ɓoyewa. Hasumiyar Gobarau na fara sawa, wannan ba sai an tambaya ba. Na sa ragowar ganuwa, na ce a tsaya Ƙofar Sauri a zarce Ƙofar Durɓi. Na sa gidan tarihi na tsohuwar kwaleji. Na rubuta cewa duk wanda ya koma gida bai sha furar da aka dama a gabansa ba, bai ci kilishin da aka sauke daga wuta yana kallo ba, to otal ya zo gani, ba Katsina ba. Abu na bakwai, na ƙarshe, na sa soron gidanmu.

Ba son kai ba ne, ko da yake akwai shi kaɗan. Taron masu gini ne, ina kuma da gini da zan nuna musu. Kakana ya ɗora soron nan da tubali a unguwar Gobarau, ya rufe shi da azara, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Fuskarsa yaɓen makuba ne, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa ƙasa da ruwansa. In ya bushe sai ya yi duhu ya yi sheƙi, ruwan sama ya riƙa zamewa a kansa. Babana, Malam Sammani, magini ne ɗan magini, shekararsa saba'in da takwas, shi ke sabunta yaɓen da kansa duk bayan damina biyu ko uku. Sauran sorayen lungunmu duk sun koma shagunan bulo, namu kaɗai ya rage.

Shugaban kwamitinmu shi ne Injiniya Ashraf, ɗan Alhaji Babaji, aminin Baba tun na ƙuruciya. Lungu ɗaya muka tashi da Ashraf, ya girme ni da shekara biyar, amma Abuja ta ɗauke shi tuntuni. Da ya dawo gida don taron ya ɗauki littafin da aka riga aka buga, ya karanta shafina, sai ya tura gilashinsa goshi.

"Hajiya Zuwaira, mene ne wannan? Ƙasa, ƙasa, ƙasa! Mutane za su taso daga Legas da Fatakwal ki nuna musu laka? Ina sabuwar gada? Ina manyan shaguna?"

Na ce, "Yallaɓai, gada ai suna da ita, tasu ma ta fi tamu tsawo. Abin da ba su da shi nake son su gani."

Ya ce to, soron dai sai ya je ya duba shi da idonsa, kada a kai baƙi wurin da zai ba mu kunya.

Ranar Asabar ya zo. Gaskiya ya yi ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa, suka yi ta gaisawa, ina gajiya, ina iyali, ya jikin Alhaji, ya zafi, ya Abuja, har na ƙosa. Ina shigowa da ruwa kenan na ji yana cewa, "Baba, soron nan yana son gyara kafin baƙi su zo. Ni na ɗauki nauyi. Buhu ashirin na siminti, a yi masa filasta waje, a shafa farin fenti. Kyauta ce daga gare ni, saboda abin da ke tsakaninka da mahaifina."

Na tsaya cak da kofi a hannu ina jiran Baba ya yi dariya. Sai na ji ya ce, "Madalla. Allah shi yi albarka, Allah shi saka da alheri."

Wallahi saura kaɗan kofin ya suɓuce mini. Bangon ƙasa yana shan laima yana fitar da ita, haka yake rayuwa. In ka rufe shi da siminti, ruwa sai ya samu tsaga ya shiga, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana cin tubali a ɓoye. Waje fes, ciki kuwa ruɓewa yake yi. Damina ɗaya ko biyu sai filastar ta ɓalle ta taho da rabin bango, azara ta rasa inda za ta zauna. Ba a makaranta na koyi wannan ba, a bakin Baba na ji shi tun ban iya ɗaura zane ba.

Ashraf na fita na zauna gabansa. "Baba, ka fi kowa sanin abin da siminti ke yi wa ƙasa."

"Na sani."

"To don me ka amsa?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Ɗan Babaji ya tako har zaurena, ya durƙusa, ya ba ni kyauta. In ce mashi mi? In ce kwashi abinka? Ke ɗiyar ina ce, Zuwaira? Ina kara?"

Kara! Ɗakin Kara ake yi wa garinmu kirari, mu kuwa sai fasa kai muke yi. Ban ce ba ta da kyau ba. Ita ce ke sa ka bar wa baƙo shimfiɗarka, ita ce ke sa ka haɗiye magana don kada babba ya ji kunya. Amma na ga matar da ta ci abincin da likita ya hana ta don kada ta maida kwano cike, ta kwana uku a asibiti. Na ga wanda tela ya ɓata wa shadda, ya sa ta a haka ya je ɗaurin aure yana cewa ai ta yi kyau. Yau ga ubana zai zauna yana kallo a kashe ginin ubansa, don bakinsa ya kasa furta a'a. Na faɗa masa haka, ya ce in tashi in ba shi wuri. Washegari Lahadi aka sauke buhunan a ƙofar gida.

Ranar Litinin na tare Ashraf a otal ɗin taron, ana ta ɗaura kyallaye a bango. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, a matsayin mai zane da injiniya. Ya saurare ni yana danna waya.

"Baba da bakinsa ya amsa," in ji shi. "Ke kin fi shi sanin soronsa ne? In kuma ba a gyara ba, to na cire shi daga zagayen."

"Cire shi, Yallaɓai. Amma ka aika a kwashe simintinka."

Ya yi dariya ya ce a ina na taɓa jin an ba dattijo kyauta an koma an kwashe. Ni kuma da wautata na ɗauka tunda ya cire soron magana ta mutu, buhunan za su zauna har mu san yadda za mu yi da su. Ashe shi tuni ya riga ya yi magana da birkila.

Talata da safe aka buɗe taro. Muna sanye da ankon kwamiti, leshi mai ruwan toka, na kafa ɗauri, ina tsaye bakin zauren taro ina nuna wa baƙi kujeru. Ana cikin gabatar da manyan baƙi wayata ta yi ta ruri. Gwaggo Indo ce, ƙanwar Baba da ke zaune gidanmu tun rasuwar mahaifiyata.

"Zuwaira, kina ina? Ga mutane nan sun zo tun da sahe, sun sassare bango suna ta lafta mashi siminti. Shi kau Malam ya zamna bai ce uffan ba."

Ban yi wa kowa sallama ba. Motata manyan motoci sun tare ta gaba da baya, na bar ta nan na fita titi na tsayar da keke Napep. Duk hanya ina ce wa mai keken ya ƙara wuta, shi kuma yana ce mini Hajiya ai ba jirgi ba ne.

Na tarar da Sule birkila da leburorinsa biyu sun gama ɓarin dama na fuskar soron, daga ƙasa har ƙirjin mutum. Sun sassara yaɓen da gatari don siminti ya kama, sun lafta, sun goge sumul. Baba yana zaune kan tabarma a inuwar bishiyar bedi da tasbaha a hannu, ya juya wa soron baya. Wannan juya bayan shi ya ƙarasa ni. Mutumin da ko yara suka jingina keke da bangon nan sai ya yi magana, yau ya kasa ko kallo.

Na danna yatsa a filastar, ta lotsa. Ba ta kama ba tukuna.

"Sule, ba ni cokalin nan."

"Hajiya, aiki aka ba mu."

"Aikin ya ƙare. Ba ni."

Ya tsaya yana kallon Baba, na fizge cokalin ginin daga hannunsa. Na naɗe hannun leshi, na ɗaure gyale a ƙugu, na kafa bakin cokalin a bango na ja. Siminti ya zubo mini kan takalmi. Na sake ja. Kafin wani lokaci lungu ya cika, masu shago sun fito, mata suna leƙe ta ƙofa, wani yana cewa ko aljanu ne suka taɓa ɗiyar Malam. Ko a jikina.

"Zuwaira!" Muryar Baba ce, bai juyo ba. "Aje abin nan."

Shekarata talatin da tara, da aurena da 'ya'yana uku, ban taɓa ce wa mutumin nan a'a ba. Amma ranar na ce, "Ba zan aje ba, Baba."

Baba ya tattara tasbaharsa. Ya miƙe a hankali, ya naɗe tabarmarsa, ya wuce ta gefena ya shiga gida. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma ina kukan ina kankara, don siminti ba ya jiran mutum ya gama kuka. Sai da na yi awa biyu. Tun Sule yana kallo har ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya ɗauki wani cokalin ya kama mini ta sama, yana gunaguni wai shi bai taɓa rushe aikinsa da hannunsa ba sai yau. Da muka gama tafin hannuna duk ya ɗaye, leshin kuwa sai dai a yi tsumma da shi.

Buhu goma sha bakwai suka rage. Na sa aka loda su a motar ɗaukar kaya, na ce a kai otal a jibge a bakin ƙofar zauren taro, in an tambaya a ce na Injiniya Ashraf ne. An ce da aka fito cin abincin rana sai da baƙi suka riƙa kewaye su, wasu suna zaton wani kamfani ne ya kawo talla.

Sai dai ban tsirar da soron ba tukuna, na kuma sani. Inda aka sassara, na kuma kankare, ya zama ƙaton tabo, tubali tsirara a waje. Ga shi ƙarshen bazara ne, kullum da la'asar sai hadari ya taso daga gabas ya yi ta zagaye kafin ya watse. Ruwan farko in ya daki wurin nan a haka, gindin bangon zai jiƙe ya zauna. Duk unguwar kuma babu wanda ya san yadda ake haɗa makuba sai Baba.

Laraba da safe na je gaishe shi. Na durƙusa na ce ina kwana, ya ce lafiya, bai ƙara ko harafi ba. Na ce, "Baba, tabon nan yana son yaɓe kafin ruwa ya sauka."

"Ba ni da hannu ciki," ya ce. "Kin maida kyautar ɗan Babaji a gaban duniya. In na taɓa bangon ga, na sa hannu a abin da kika yi kenan."

Ashraf kuwa da muka haɗu bai ɗaga murya ba. Ya ce bayan taro zai rubuta wa shugaban ofishinmu, kuma gobe in na kuskura na karkata da baƙi wajen gidanmu zan gane kurena. Na ce Allah ya kai mu goben.

Alhamis bayan azahar muka cika bas uku. Ina gaba da lasifika a hannu, hannun naɗe da bandeji. Abin mamaki, zagayen ya yi daɗi. A Ƙofar Sauri wani injiniya daga Ibadan ya tsaya yana ta tambaya yaya aka yi mutane suka tara ƙasa mai yawan nan ba tare da mota ba. Wajen Ƙofar Durɓi muka tsaya wurin masu fura, wata mata ta ce ita ba ta shan nono, aka lallashe ta ta ɗanɗana, ta ƙare da ludayi a hannu tana neman ƙari. Kilishi kuwa sai da mai shi ya ce ya ƙare. Ashraf yana bas na farko yana ta duba agogo, don yana son a kai su sabuwar gada kafin rana ta yi sanyi.

Gobarau ce tashar ƙarshe a cikin birni. Masu ƙarfin gwiwa suka hau, sauran suka tsaya ƙasa suna ɗaukar hoto. Ana shirin komawa mota sai wata farfesa daga Inugu, dattijuwa mai furfura da sanda, ta buɗe littafin taro ta ɗora yatsa a shafina. Da Turanci ta ce, "Mun ga shida. Ina na bakwai, soron Malam Sammani? Ni saboda shi na shigo motar nan."

Ashraf ya yi caraf ya ce ana gyaransa ne, ba zai shigu ba, a yi haƙuri.

Na ɗaga lasifika. Na kunna ta. Na ce, "Ba gyara ake yi ba. Gidanmu ne, taku ɗari biyu daga nan. Mai son gani ya biyo ni."

Na juya na kama lungu ban waiwaya ba. Da farko ƙarar sandar farfesa kaɗai nake ji a bayana. Can sai takun ya yi yawa. Da na kai kwana na saci kallo, sun fi mutum sittin, da jakunkunan taro a kafaɗa, suna tsallake kwata ɗaya bayan ɗaya. Ashraf yana can ƙarshe, ba yadda ya iya.

Abin da nake tsoro shi ne Baba ya shige gida ya bar mu tsaye. Na manta wane ne ubana. Yana ganin baƙi ya miƙe tsaye, fushin da yake yi da ni ya ajiye shi gefe. "Maraba, maraba! Sannunku da zuwa. Indo, kawo tabarmi, kawo ruwa!" Ni ko kallo ban ishe shi ba, amma kowane baƙo sai da ya yi masa sannu.

Suka shiga goma-goma. Duk wanda ya shiga sai ya yi mamaki, don a waje rana tana dukan ƙeya, a ciki kuwa kamar ka buɗe randa. Suka ɗaga kai suna bin azara da ido, yadda aka jera ta tana hawa kan juna har ta haɗe a tsakiya. Wani ya fito da abin awo daga aljihu ya auna kaurin bango, ya sake aunawa. Tambayoyi suka yi ta zuwa ina juya wa Baba, yana amsawa ta kaina kamar da bango yake magana, ina maida musu da Turanci.

Da aka fito ne farfesa ta tsaya gaban tabon. Ta taɓa tubalin da ke waje, ta murza ragowar siminti a yatsa, ta ce me ya faru a nan.

Kafin in buɗe baki Ashraf ya matso. Ya faɗa da Turanci, ya kuma maimaita da Hausa don Baba ya ji. "Mu muka so mu gyara wurin, mu ƙarfafa shi da siminti. Mai gidan ya amsa da bakinsa, ya sa albarka. 'Yarsa ce ta zo ta kankare. Baba, ko ba haka aka yi ba?"

Haba Ashraf! Ko da gangan ya yi ko da rashin sani, ya sa tsoho a tsaka mai wuya. In Baba ya ce haka ne ya yi shiru, ya tabbatar wa masana gini sittin cewa shi, magini ɗan magini, yana ganin siminti gyara ne. In kuma ya faɗi gaskiya, ya kunyata ɗan amininsa a ƙofar gidansa. Na ga tasbahar ta tsaya a hannunsa. Ya daɗe yana kallon tabon, karo na farko tun ranar Talata.

"Haka aka yi," ya ce. "Na amsa. Kai ɗan Babaji ne, ba ni da bakin da zan maida maka kyauta. Amma Ashraf, tunda ka tambaye ni gaban mutane, ba ni yi maka ƙarya. Ƙasa numfashi take. In ka toshe ta da siminti, ruwa shina shiga ba shi fita, sai ta ruɓe daga ciki. Da an bar abin nan bisa bangon ga, damina biyu ba ta cika soron na tsaye. Na san haka tun ranar da na ce maka madalla. Na zaɓi soron ubana ya faɗi da in ba ka kunya. Ita ba ta zaɓi haka ba. Kai kuma da aka kai ka makaranta don gini, ya kamata a ce ka tambaya kafin ka aiko."

Waɗanda ke jin Hausa cikin baƙin duk suka sunkuyar da kai. Ashraf ya cire gilashi ya rasa inda zai sa shi. Farfesa ta juyo gare ni ta ce, "Me ya ce?"

Ga dama ta samu. Kwana biyar ina haɗa maganar da zan yaɓa wa mutumin nan, yau ga ta an ba ni a hannu, da lasifika. Na dube shi, sai na ga ba shugaban kwamiti ba, Yaya Ashraf na lungunmu, zufa tana bin wuyan rigarsa. Na ce da Turanci, "Ya ce bangon ƙasa numfashi yake yi. In aka rufe shi da siminti ruwa yana shiga ba ya fita, sai ya ruɓe daga ciki. Shi ya sa aka cire." Na kashe lasifikar.

Farfesa ta gyaɗa kai ta ce abin da take koya wa ɗalibanta kenan shekara ashirin ba sa ji. Ta roƙi a ɗauke ta hoto da Baba. Daga nan kowa ya ce shi ma sai an ɗauke shi, gadar Ashraf dai ba a je ba ranar.

Da suka watse na tsaya tattara kofuna. Baba ya koma kan tabarmarsa. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen bedi.

"Zuwaira."

"Na'am, Baba."

"Na yi magana mai tsawo, kin juya ta gajera. Mi kika rage?"

"Abin da ya shafi Ashraf."

Ya ci gaba da jan tasbaha. Can ya ce, "Shekara sittin muna tare da Babaji, ko musu ba mu taɓa yi ba. Yau kin sa na faɗa ma ɗansa magana gaban mutane. Yanzu zan tahi gidanshi in ba shi haƙuri. Ban ce ki biyo ni ba, don na san ba haƙurin za ki ba da ba."

"Ba zan ba da ba, Baba. In aka sake kawo simintin gobe, gobe zan sake kankarewa."

"Na sani," ya ce. Ya miƙe ya ɗauki sandarsa, ya tsaya gaban tabon, ya bi shi da tafin hannu tun daga sama har inda ya iya sunkuyawa. Ya yi tsaki. "Dubi yadda kika ci bango nan ƙasa. Wannan kankara ce ko sassaƙa? Ki ce ma Indo ta jiƙa makuba yanzu, hadarin ga ba shi kai Lahadi bai zuba ba. Gwiwata ba ta durƙuso, kuma tabon ƙasa-ƙasa yake. Ke za ki yaɓe shi, ni in faɗa maki yadda ake yi."

Na ce gobe ne rufe taro, har da raba wa 'yan kwamiti takardar yabo.

"To ki tahi ki amso," ya ce, ya kama hanyar gidan Alhaji Babaji.

Juma'a da hantsi, lokacin da ake kiran sunaye a otal, ina ƙofar gidanmu cikin laka har ƙauri, da tsohon zanen Gwaggo Indo a jikina. Ruwan makuba yana shiga inda hannuna ya ɗaye kamar an zuba barkono. Baba yana zaune kan kujera, wannan karon fuskarsa na kallon soron, yana ta yi mini faɗa. Ƙasar ta yi ruwa, ƙasar ta yi tauri, ba haka ake jifa ba, danna da gindin hannu, wai ni wace irin makaranta na yi. Ban tanka masa ba ko sau ɗaya, ina yaɓawa ina murmushi kamar wata sakara.

Asabar da la'asar ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, da iska. Muka tsaya ni da shi a bakin soron muna kallo, ruwan yana dukan sabon yaɓen yana zamewa ƙasa. Baba ya miƙa hannu cikin ruwan ya danna wurin da babban yatsa, ya duba yatsan, babu laka.

"Ya kama," ya ce.